Kilobayit 640: Yadda Mai Karɓar Umarni na DOS Ya Yi Zaman Ƙunci

Shugaban wannan zama, iyayena da malamaina da ke nan gaba, 'yan'uwana malaman kwamfuta da suka taso daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada, da waɗanda suka yi sammako tun daga Doguwa, sai kuma ƙannena ɗalibai, barkanmu da haɗuwa a Bagauda. Allah Ya ba da ladan tafiya.

Yawancin ɗaliban da ke zaune a nan sun fara sanin kwamfuta ne ta waya, ko a zauren jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Kwamfutar da zan yi magana a kanta ta girme su. In ka kunna ta ba hoto za ka gani ba, baƙin allo ne, da harafin A ko C, da alama kamar kan kibiya, da ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiran ka rubuta abin da kake so. Manhajar da ke jira a bayan wannan alama sunanta COMMAND.COM. Ita ce mai karɓar umarni a tsarin DOS: ta karanta abin da ka rubuta, in aikinta ne ta yi, in na wata manhaja ne ta ɗauko ta daga faifai ta miƙa mata na'urar, sannan ta jira ta gama. Tana da wasu halaye da suka sa masu aiki da ita suka riƙa zargin na'ura da taurin kai. Abin da nake so in nuna muku shi ne kowane ɗaya daga cikin halayen nan shawara ce da wani injiniya ya yanke saboda ƙarancin wuri, kuma a ƙarƙashin kowace shawara akwai wani zato da ya yi game da halin da mai na'urar ke ciki. A ƙasarmu sau da yawa zaton nan bai yi daidai ba, kuma mu muka biya kuɗin.

Mu fara da girman wurin. Kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan teburi a ranar 12 ga Agusta 1981, da ƙwayar sarrafawa ta Intel 8088. Ƙwayar nan tana da layukan adireshi 20, saboda haka iyakar gurbin da za ta iya kira shi ne 1,048,576, wato megabayit ɗaya. IBM ya ware kilobayit 384 na sama don allon nuni da manhajar tayar da na'ura da katunan da za a ƙara. Abin da ya rage wa DOS da duk manhajar da za ta yi aiki shi ne kilobayit 640. A lokacin wannan wuri ne mai yalwa, domin mafi arahar na'urar ta fito ne da kilobayit 16 kacal. Akwai maganar da ake jingina wa Bill Gates cewa 640 ya ishi kowa. Shi da bakinsa ya musanta ta, don haka kada ku ɗauke ta zuwa aji. Hoto guda da kuka ɗauka da waya yau ya fi ƙarfin wannan ƙwaƙwalwa baki ɗayanta.

Dabarar zama cikin ƙunci ta riga wannan kwamfuta ta IBM. A 1974, shekarar da aka kammala madatsar Tiga da ke kusa da mu, Gary Kildall a Amurka ya rubuta tsarin CP/M don na'urorin da ba sa wuce kilobayit 64. Mai karɓar umarninsa bai wuce kilobayit 2 ba, amma duk da haka Kildall ya ba kowace manhaja izinin ta rubuta a kansa in tana bukatar wurin. In ta gama, sai a sake ɗauko shi daga faifai. Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta 86-DOS a 1980 a kan salon CP/M, Microsoft ya saye shi a 1981, ya zama DOS ɗin da muka sani, kuma dabarar ta biyo shi, da ɗan gyara.

Ga gyaran. An raba COMMAND.COM gida uku. Kashi na farko na tayarwa ne: ya karanta fayil ɗin AUTOEXEC.BAT sau ɗaya, a watsar da shi. Kashi na biyu mazauni ne, ɗan ƙarami, 'yan kilobayit kaɗan, yana can ƙasa kusa da DOS, ba ya motsi. Kashi na uku, mafi girma, shi ke ɗauke da DIR da COPY da TYPE da DEL da fassarar abin da ka rubuta, kuma ana ajiye shi a can ƙololuwar ƙwaƙwalwa, a wurin da DOS bai rubuta cewa na kowa ba ne. Ku ɗauka mai gida ne da ɗaki ɗaya, baƙo ya sauka. Ya tura kayansa ƙuryar ɗaki, ya ce wa baƙon in wuri ya yi maka kaɗan ka fitar da su waje, sannan ya bar yaro a bakin ƙofa. In baƙo ya tafi, yaron ya leƙa ya ƙirga kayan. In suna nan, mai gida ya dawo ya zauna. In babu, sai a je a nemo wasu.

Ƙirgar nan ta gaske ce. Kashin mazauni yana tara lambobin da ke cikin kashin sama, ya kwatanta jimlar da wadda ya riƙe tun farko. In sun dace, nan take alamar jira ta dawo. In sun saɓa, ya san an taka wurin, sai ya duba wani suna da ake kira COMSPEC, wanda ke faɗin inda COMMAND.COM yake a faifai, ya sake loda shi. Ni dai ina ganin wannan dabara tana da kyau ƙwarai. Fayil ɗin ya tashi daga kusan kilobayit 3 a DOS 1.0 zuwa kusan 25 a DOS 3.3, ya haura 50 a DOS 6.22, amma abin da yake tsare wa mai amfani da manhajar Lotus 1-2-3 ko dBASE bai wuce ɗan kashin mazaunin nan ba. Akawun da ke lissafin albashi ya sami ƙarin layuka a jadawalinsa, bai ma san wanda ya matsa masa ba.

To, ina zaton da na ambata? Zaton shi ne faifan yana nan, kuma lafiyarsa ƙalau. Ga mai rumbun ajiya na ciki, irin na IBM XT da ya fito a 1983 da megabayit 10, lodin ba ya ko jawo hankali. Ga mai na'urar da ke da ramin fulofi kawai, labarin daban ne. Ya tayar da na'ura da faifan DOS, ya zare shi, ya sa na WordStar, ya yi aikinsa, ya fita. Maimakon alamar jira, sai na'ura ta ce ya mayar da faifan da ke ɗauke da COMMAND.COM. In faifan yana aljihun wanda ya tafi sallah, aiki ya tsaya. In aka ari na maƙwabci kuma aka yi rashin sa'a na wani zubi ne, a ce an tashi da 3.3 aka sa na 5.0, sai ta ƙi karɓa ta ce "Invalid COMMAND.COM", wato wannan ba nata ba ne.

Waɗanda suka yi aiki a shagunan buga takardu na Kano a farkon shekarun 1990 sun san yadda faifai yake rayuwa a wajenmu. Faifan inci biyar da kwata yana da tsaga a buɗe, fuskar maganaɗisun a fili. Ƙurar hunturu tana shiga ta karce shi. A damina kuma, musamman nan kudu wajen Tudun Wada da Doguwa da Riruwai inda ruwa ya fi yawa, laima tana sa shi yin funfuna. A sa shi a aljihu a hau mota zuwa birni cikin rana, ya lanƙwashe. Dabarar da ta dogara da karanta fayil ɗaya sau da yawa a yini ta haɗu da faifan da kowace karantawa tana rage masa kwana. Ga kuma tsada: bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, ƙara rumbu ko ƙwaƙwalwa ya zama abin da sai an yi shawara. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, irin waɗannan na'urori ne a kasuwa. Masu wayo a cikin ma'aikata sun gano mafita biyu. Wasu suka riƙa kwafa COMMAND.COM a kan kowane faifan aiki, suna sadaukar da kilobayit 25 daga cikin 360. Wasu suka yanki wani yanki na ƙwaƙwalwa suka mai da shi faifan wucin gadi da VDISK ko RAMDRIVE, suka kwafa fayil ɗin can, suka juya COMSPEC ya nuna wurin. Ta biyun ta fi sauri, sai dai a na'urar da ba ta wuce 640 ba, ta cinye wurin da aka yi dabarar don a tsimi.

Wannan zato na cewa faifai yana nan ya sake fitowa a wurare biyu. Fayil ɗin jerin umarni, mai ƙarewa da BAT, ba a ɗauke shi a ƙwaƙwalwa. Layi ɗaya ake karantawa, a aikata, a koma faifai a ɗauko na gaba. In ka zare faifan a tsakiya, sai a nemi ka dawo da shi. Haka kuma in ka haɗa umarni biyu da tsayayyen layi, kamar DIR da SORT, DOS ba ya iya tafiyar da su tare kamar yadda tsarin Unix ke yi. Sai na farko ya zuba sakamakonsa a fayil na wucin gadi, na biyu ya karanta. In faifan ya cika, ko an liƙe tsagar hana rubutu don tsoron cutar kwamfuta, umarnin da ba ya ajiye komai sai ya gaza saboda rashin wurin ajiya.

Yanzu mu shiga inda na fi so ɗalibai su natsu, wato yadda DOS ke riƙe lissafin wa ke da ina. Tun daga DOS 2.0 na 1983, kowane yanki na ƙwaƙwalwa yana da ɗan kai mai bayit 16 a gabansa. Kan yana faɗin mai yankin da tsawonsa, kuma bayit ɗinsa na farko harafin M ne, in kuwa yankin ƙarshe ne harafin Z. Daga tsawon wannan ake gane inda na gaba yake, haka har ƙarshe, kamar sarƙa. Babu wata katanga tsakanin kan nan da manhajar da ke aiki. Ƙwayar 8088 ba ta san mallaka ba. Kowace manhaja tana iya rubutu a ko'ina. Ɗalibin da ke koyon C ko Pascal, ya zuba abu 101 a jerin da ya tanada wa 100, yana iya goge harafin M bai sani ba. Manhajarsa za ta gama lafiya, har ta ba shi amsa daidai. Sai kashin mazauni ya zo bin sarƙa don ya dawo da ɗan'uwansa, ya tarar ta tsinke, ya rubuta "Memory allocation error", ya ce ba zai iya loda COMMAND ba, na'ura ta tsaya cak. Laifin an yi shi tun ɗazu, hukuncin ya bayyana a wani wuri. Duk wanda ya taɓa farautar irin wannan kuskure ya san dalilin da ya sa tsare-tsaren yau suke kashe manhaja nan take in ta taɓa wurin da ba nata ba.

Sarƙar tana da wani rauni: ba a iya matsar da yanki bayan an ba da shi. Akwai manhajojin da ke gama aiki amma su ci gaba da zama, suna jiran a danna wasu madannai su fito. Wadda ta fi shahara ita ce SideKick ta kamfanin Borland, ta 1984, mai ɗan littafin rubutu da kalkuleta. PRINT na DOS ma haka yake, da manhajar linzami. Ko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a jerin haruffan da IBM ya gina a na'urar, kuma mai son madannai su fitar da su a DOS sai ya ɗora wata mazauniya irin wannan, ta ci nata rabon. To, manyan manhajoji kamar WordPerfect 5.1 da Lotus suna ba ka damar leƙawa DOS ba tare da ka rufe aikinka ba. Abin da ke faruwa shi ne ana tayar da COMMAND.COM na biyu a saman su. Sakatare ya leƙa, ya kira PRINT karo na farko don ya buga wasiƙa, PRINT ya kafa zama a saman WordPerfect. Ya rubuta EXIT, ya gama aikinsa, ya rufe. Yanzu ƙwaƙwalwa ta rabu biyu, fili a ƙasa, fili a sama, ɗan mazauni a tsakiya kamar turke. Jimlar filin tana da yawa, amma babu yanki guda da zai ɗauki dBASE. Magani ɗaya ne, a kashe a kunna. Da ya kira PRINT tun da safe a AUTOEXEC.BAT, da ya zauna a ƙasa bai tare wa kowa hanya ba.

Akwai kuma ɗan wurin da ake ajiye sunaye irin su PATH da PROMPT da COMSPEC. Bayit 160 ne a zubin farko, ya koma 256 a DOS 5. In ya cika sai ka ga "Out of environment space", kuma ana faɗaɗa shi ne da layin SHELL a CONFIG.SYS. Kowace manhaja kwafi ake ba ta, ba asalin ba, shi ya sa duk abin da ka canza da SET a cikin mai karɓar umarni na biyu yake ɓacewa da ka fita. Layin umarni kansa ba ya wuce harafi 127, domin bayit 128 aka tanada masa a goshin kowace manhaja, gado daga CP/M.

Sanin lissafin nan ya taimaki masu gyara ta wata fuska. Kilobayit 640 daidai yake da bayit 655,360, kuma umarnin CHKDSK yana nuna wannan adadi. Cutar kwamfuta da ake kira Stoned, wadda ta ɓulla a 1987 ta kuma zaga duniya a kan fulofi, tana ɓuya ne a ƙololuwar ƙwaƙwalwa ta rage wa na'ura kilobayit 2 daga abin da take shaidawa. Mai gyara in ya ga 653,312, ya san akwai baƙon da ba a gayyata ba, tun kafin ya nemo riga-kafi. In ya ga 654,336 ba ya firgita, domin wasu na'urori suna ɗebar kilobayit ɗaya don amfanin kansu. A 1987 ɗin dai aka sami cutar Lehigh a wata jami'a a Amurka, wadda ke shiga cikin COMMAND.COM kansa ba tare da ta ƙara masa girma ba. Ku haɗa wannan da al'adar kwafa fayil ɗin a kan kowane faifai da ba da aro daga shago zuwa shago, za ku ga yadda maganin wata matsala ya zama hanyar wata.

Sauƙi ya zo ta wata ƙofa da ba wanda ya shirya ta. Ana gina adireshi a 8088 daga lambobi biyu: a ninka ta farko sau 16, a ƙara ta biyu. Lissafin yana iya zarce megabayit ɗaya da bayit 65,520. A 8088 babu layi na 21, don haka abin da ya zarce sai ya zagayo ya faɗo farkon ƙwaƙwalwa, kuma wasu manhajoji suka dogara da zagayen. Da IBM ya fito da AT a 1984 da ƙwayar 80286 mai layuka 24, zagayen ya daina, tsofaffin manhajoji suka shiga haɗari. Sai IBM ya sa makunni a kan layin nan na 21, wanda ake kira A20, ya kuma damƙa shi ga ƙwayar da ke kula da madannai, saboda ita ke da ƙafa guda da ba a amfani da ita. In an buɗe makunnin, ana samun wannan ɗan fili na kusan kilobayit 64 a saman megabayit. DR DOS 5.0 na kamfanin Kildall ya fara kwashe kansa zuwa can a 1990. MS-DOS 5.0 ya biyo baya a Yunin 1991, wata biyu kafin a cire Jigawa daga Kano, da HIMEM.SYS da layin DOS=HIGH. Na'urar da a da take barin kilobayit 570 ko ƙasa da haka ta koma barin fiye da 600. A 1993 DOS 6 ya zo da MEMMAKER don ya riƙa jera mazauna a guraben da ke tsakanin 640 da megabayit.

Da wuri ya samu, sai wata matsala ta fito. Yanzu manhajoji suna sauka ƙasa sosai, cikin kilobayit 64 na farko, inda a da DOS ya cika. Wasu da aka matse da manhajar EXEPACK suna da lissafin da ke karkacewa in sun sauka a nan, sai su ce fayil ɗin ya lalace alhali lafiyarsa lau. Dole Microsoft ya ƙara umarnin LOADFIX, wanda aikinsa kawai ya mamaye ƙasan nan don manhajar ta sauka sama da shi. Wanda ya rubuta EXEPACK ya zaci ƙasan ba zai taɓa zama fili ba, kuma shekaru da dama zatonsa gaskiya ne.

Ƙannena, na kawo muku wannan ne saboda wayar da ke aljihunku tana yin abin da COMMAND.COM ya yi. In ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan, Android yana kashe manhajar da ke baya, da zaton za ta farfaɗo in an dawo gare ta. Google ya fitar da Android Go a 2017 musamman don ƙananan wayoyi, irin waɗanda suka fi yawa a hannun manomanmu na shinkafa da masara. Manomi a Doguwa yana cike fom na neman taki ko rance, ya fita ya duba lambar da aka turo masa ta saƙo, ya dawo ya tarar fom ɗin ya koma farko, sabis kuma ya ɗauke. Wanda ya rubuta manhajar ya watsar da abin da ke hannu da zaton intanet tana nan, kamar yadda aka zaci faifai yana nan. Wasu daga cikinku za su rubuta manhajojin da masu POS a Kwanar Ɗangora da malaman asibiti a Kiru za su yi aiki da su. Duk inda kuka ce a zubar, a sake ɗaukowa, ku tambayi kanku daga ina za a ɗauko, da kuɗin datan wa, kuma me mai wayar zai gani in abin bai samu ba. Kashin mazaunin DOS aƙalla yana faɗa maka sunan abin da ya rasa da ramin da za ka sa shi, yana kuma jiranka.

Ga malamai, abin gwaji yana nan kyauta. Microsoft ya saki asalin rubutun MS-DOS na farko-farko ta hannun gidan tarihin kwamfuta na Kalifoniya a 2014, ya sa 1.25 da 2.0 a GitHub a 2018, ya ƙara 4.0 a 2024. FreeDOS, wanda Jim Hall ya fara a 1994, yana tashi a kan tsofaffin na'urorin da ke jibge a ɗakunan ajiyar makarantu, yana kuma tashi a cikin na'urar kwaikwayo a kan kwamfutar cinya. Ku sa ɗalibai su rubuta MEM da /C su kwafe abin da suka gani a takarda, su ɗora mazauniya ɗaya su sake dubawa, sannan su buɗe DEBUG su bi sarƙar daga M zuwa M har su kai Z. Wanda ya kai, ku bar shi ya canza harafi ɗaya da gangan ya fita, ajin ya ga abin da zai biyo baya. Darasi biyu sun isa.

Shugaba, a nan zan dakata.